Cindo da Ɓarayin Fim

A Rafin Gawo akwai wani gwauro ana ce masa Cindo, yana zaune da yayarsa Kande, wadda mijinta ya rasu ya bar mata rago ɗaya tal. Ragon nan shi ne duk abin da ta mallaka. Shi kuwa Cindo ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai yadda aka faɗa masa magana haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari.

Wata rana 'yan fim suka zo daga birni, suka roƙi aron ragon don ɗaukar wurin da ake sata. Da ƙyar Kande ta yarda, ta ce Cindo ya bi su, kada ragon ya ɓace masa da gani. Ana fara ɗauka, ɗan wasa ya raɗa wa abokinsa, "Yau za mu yi gaba da shi." Sai ga Cindo har gaban kyamara.

"Kada ku yi gaba, malam, akwai tsohuwar rijiya."

Darakta ya dafe kai. "Cindo, ɓarayi ba sa kiran sata da sunanta. Yin gaba da kaya, ɗagawa, duk sata ake nufi." Cindo ya haddace tsaf.

Wata rana kuma, ɗan wasa ya ce, "Mu ɗaga shi." Cindo ya tuna karatunsa, ya kwarma ihu, "Ɓarawo!" Kafin a ankara mata sun fito da taɓare, ɗan wasa ya ɗare darbejiya da takalmi ƙafa ɗaya. Darakta kamar ya yi kuka.

"Wasa ne, bawan Allah! A fim ba a yi wa ɓarawo ihu. In bai yi daidai ba sai a ce masa ya sake, ya maido kaya a faro daga farko."

Wata rana da azahar, 'yan fim sun tafi cin abinci, Kande tana kasuwa, sai wani baƙo mai baƙin tabarau ya lallaɓo ya kwance ragon. Cindo ya miƙe daga gindin bishiya ya riƙe igiya.

"Ba ka faɗi maganar ba. Sake!"

Baƙon ya duba ƙirjin Cindo, ya ga ba na kokawa da shi ba ne. Ya mayar da rago ya ɗaure, ya ce, "To, zan yi gaba da shi."

"Da ƙarfi ka faɗa. Raɗa ake yi. Sake!"

Ya yi raɗa, Cindo ya ce bai waiwaya ba. Ya waiwaya, Cindo ya ce tafiyarsa ba ta ɓarayi ba ce. Mutane suka taru kallo, har da masu kawo gyara. Gumi ya jiƙa baƙo sharkaf, ga shi an kewaye shi ba hanyar gudu.

Ana haka darakta ya dawo tare da Kande. Ya ƙare wa baƙon kallo ya ce, "Wannan ba namu ba ne."

Baƙo ya zube ƙasa. "Wallahi sata na zo yi! Ku kai ni wurin mai gari, ku raba ni da mutumin nan!"

Kande ta rungume ragonta tana hawayen murna. Cindo kuwa ransa ya ɓaci, ya girgiza kai.

"Ka ji ko, darakta? Har sunan satar ya faɗa. Wannan bai iya ba, a nemo wani."