Yadda Za Ka Mai da Gingimari Motar Tsere Don Kare Gashin Bakinka

Da sunan Allah, wanda Ya bai wa raƙumi juriya, Ya bai wa barewa gudu, bai haɗa wa ɗayansu duka biyun ba. Duk direban da ya bi waɗannan matakai sau da ƙafa, lamuni ne ba zai tashi a tutar babu ba. Gul Zarin, mai jigilar albasa daga birnin Rawalpindi, ya bi su. Shi ne hujjarmu.

1. Yi rantsuwa a bainar jama'a

Nemi rumfar shayi mai cunkoso. A irinta Naimatullah, ƙanin matar Gul Zarin, ya tsayar da jar motarsa mai kama da takalmi, ya ce, "Yaya, wai injinmu ɗaya da akwatin albasar nan naka. Naka dai gyangyaɗi yake kamar mai shi."

Gul Zarin ya murza gashin bakinsa mai faɗin sitiyari. "Wallahi in ka riga ni ƙure hawan dutsen garin Marri, aska ta hau wannan!"

Caca haramun ce, saboda haka kira ta rantsuwa.

2. Toshe kunne ga bakanike

Da Gul Zarin ya kai motarsa a ƙara mata gudu, bakanike Ustad Fazal Rabbi ya ce masa, "Injinan nan uwa ɗaya uba ɗaya suke, tarbiyya ta raba su. Naka an hore shi ya ja numfashi a hankali ya ja kaya. Nasa an sangarta shi ya yi ihu ya gudu da mutum biyu da kwalbar turare. In na koya wa naka ihu, wa zai ja albasar?"

Amsa kamar Gul Zarin: "Ustad, murɗa kawai." Nasiha aba ce mai daraja, shi ya sa ake adana ta ba a taɓawa.

3. Rage nauyi, amma da kunya

Sauke safaya da jak da katifarka. Kambin katakon goshin mota kuwa, da ɗawisun ƙarfe, da sarƙoƙin da ke kaɗawa, kada ka kusance su. Mai mutunci ba ya fita da motarsa tsirara. Albasa ma amanar mutane ce, tana nan.

4. More shimfiɗaɗɗiyar hanya

Taka totur. Gul Zarin ya wuce keke, ya wuce bauna, har ya fara tausaya wa surukai.

5. A gindin hawa, yawaita istigfari

Injin ya ƙwalla ƙara har birai suka watse, motar ta tsaya tana nazari, sannan ta fara komawa Rawalpindi da baya, sarƙoƙi na yi mata guɗa. Gul Zarin yana cusa dutse a bayan taya sai ga Naimatullah, ya riga ya kai ƙarshe ya juyo.

"Yaya, Marri ce ta yi ƙaura, ko mantuwa ka yi a gida?"

Kada ka tanka. Shiru ado ne ga mai riƙe da dutse.

6. Cika rantsuwarka

Je wurin wanzami, runtse ido. Ga ribar da aka lamunce maka: rage gashin baki sunna ce, malamanmu ma sun fi son a ƙwalƙwale. Limamin unguwa ya tsufa yana yi wa Gul Zarin wannan wa'azi bai ji ba, hawa guda ya shiryar da shi. Ranar Juma'a liman ya rungume shi, sannan ya tambayi sunansa.

Mai wannan rubutu bai taɓa tuƙa ko keke ba. Albasar da ta gangara, da leɓen da ya fito sarari, babu alhakinsu a wuyansa. Ladan kuwa yana fatan a sa da shi. Allah ne Mafi sani.