Rasuwar Farar Motar Haya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da kewa, tsohon mai gyaran agogo na ƙarshen layi yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, in da sauransu, rasuwar abokiyar tafiyarsa, farar motar da ya ɗauko haya don ya je ya ga 'yarsa da jikokinsa. Ta rasu ranar Laraba a bakin titi, ba su kai ba.

Marigayiyar ba tasa ba ce, amma ta riƙe shi riƙon ɗan'uwa. Mai haƙuri ce, ba ta taɓa yi masa gardamar tashi ba. In ya zauna bai ɗaura bel ba sai ta fara, "ƙin, ƙin, ƙin," ba ta yin shiru sai ya ɗaura. Tun rasuwar matarsa ba wanda ya damu da lafiyarsa har ya yi masa mita, shi ya sa wani lokacin da gangan yake jan ƙafa kafin ya ɗaura.

Ciwon ajalinta daga ofishin haya ya samo asali. Yarinyar da ke kan tebur ta dube shi ta ce, "Baba, inshora fa?" Kunnen tsoho ya yi nauyi. Shi "insha Allahu" ya ji, ya ɗauka addu'ar sauka lafiya take yi masa. Daɗi ya kama shi, ya ce, "Ba komai, 'yata, Allah zai tsare." Ita kuwa ta soke gurbin inshorar a takarda, ta miƙa masa makulli.

Ya tsaya sayen alewar jikoki ne wata tifa ta yo baya ta murƙushe motar. Kalamanta na ƙarshe "wiii, wiii, wiii" ne, tana kiransa, shi kuma yana tsaye da leda a hannu.

Ta bar makulli ɗaya, da tayar safaya wadda ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba, da tsohon da yanzu ɗawainiyar komai ta hau kansa. 'Ya'yansa duka sun bugo waya a rana ɗaya, abin da ya manta rabon da ya gani. Kowanne ya tambayi dalilin da ya hana shi ɗaukar inshora. Ba wanda ya tambaya ko ya ji rauni, kuma wannan ya fi mutuwar yi masa ciwo.

Janwe ya riga ya kai gawar garejin kamfanin, inda za a rarraba sassanta ba tare da shi ba. Ana karɓar gaisuwa a shagonsa daga safe zuwa yamma, ba sai an zo da komai ba. Manajan kamfanin ya aiko cewa zai zo da kansa kan maganar diyya. An share shago, an ajiye masa kujera mai kyau. Ana roƙonsa in ya zo kada ya yi saurin tafiya.