Layar da Baba Ya Dawo da Ita Daga Yaƙi

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da wata safiya a Madawa ba. Shekaru sun ja, wanda ya raka ni ranar ma yau wata bakwai ke nan yana kwance cikin ƙasa, Allah ya jiƙan maigidana, amma in na tuna sai fuskata ta ɗau zafi kamar na leƙa tukunyar tuwo. Ni ban yi lakkwal ba, wato boko, allon ma ban yi nisa ba. Faɗa nake ana rubutawa. In kun ga magana ta karkace, kuka ne ya tare ni.

Babana tsohon sojan Faransi ne. An ɗauke shi daga garinmu, kusa da Urno, lokacin yaƙin Jamus, ina goye. Ya dawo na isa ɗaukar ƙaramin tulu. Ya dawo babu yatsu biyu a hannun hagu, babu uku a ƙafa, kuma har ya bar duniya bai faɗa ma kowa inda ya baro su ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Can nesa," ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Ni kuwa Allah ya yi ni da son sani. Da na rasa amsa sai na ƙera tawa. Na gaya ma ƙawayena a bakin rijiya wai wani Bajamushe ne ya sare su da takobi, Baba kuma ya maƙure shi da ɗaya hannun. Na faɗa, na sake faɗa, har ni kaina na kusa yarda. Amma can cikin raina tambayar tana nan. Wace ƙasa ya je? Me ya gani da ya rufe masa baki?

Ya rasu bayan babban farin nan da ya kashe dabbobi. Maza suka raba gona, ni aka miƙo min ƙunshin layunsa. A ciki akwai wata babba, mai faɗi kamar tafin hannu, ɗinkin fatar ya riga ya ɓalle. Na leƙa, sai ga ɗan littafi da rubutu iri biyu: baƙi ƙanana a jere, da shuɗi manya a karkace. To, a wurinmu duk rubutun da aka ɗinke cikin fata laya ce. Ba a tambaya.

Wata rana maƙwabciyata Rabi ta kama naƙuda tun hantsi, har la'asar shiru. Ungozoma ta fito tana share gumi, ta ce, "Duk gidan nan ba mai rubutu?" Sai na tuna. Na ce a raina, abin da ya fitar da mutum daga cikin harsashi ai zai fitar da jariri daga ciki. Na ɗauko, na tsoma shafin farko cikin ƙwarya, na murza a hankali. Shuɗin ya narke, baƙin ya ƙi. (Na ce baƙin mai taurin kai ne, shuɗin shi ne maganin. Kun ji ilimi.) Rabi ta sha. Kafin magariba ta haifi namiji.

Shi ke nan, suna ya tafi. Mata suka riƙa aikowa daga garuruwan kusa, a ba su "rubutun soja". In na wanke shafi sai in shanya shi a inuwa in mayar. Sirrin mata ne, ko maigida bai sani ba. Shafin ƙarshe kaɗai na hana kowa, don yana da wani zagayayyen zane irin hatimin malamai. Na ce wannan mai ƙarfin na ajiye ma kaina, sai ranar babbar buƙata.

Maigidana albasa yake kai wa kasuwar Madawa. Wata rana ya dawo, tun bai sha ruwa ba ya ce, "Ɗiyar soja," (haka yake kirana, yanzu ba mai kirana haka), "na ji wani labari. Ashe Nasara ba su ɗaukar mutum soja sai sun rubuta shi. Inda ya je, inda ya kwana, inda ya ji ciwo, duk yana cikin littattafai can ƙasarsu. Akwai biron tsofaffin soja, wato ofishinsu, in an je sai su aika a tambayo."

Na ce, "Har yatsu?"

"Ke dai da yatsun nan! Tun da na aure ki nake jin su."

Kwana uku ban bar shi ya huta ba. Ranar kasuwa muka hau kamiyo, babbar motar kaya, ni a saman buhunan albasa, na ɗaura zanen da nake zuwa biki da shi, layar Baba a ƙuguna don tsarin hanya.

A gaban biron akwai rumfa da dogon benci, tsofaffin soja sun jeru, wasu da lambobin yabo a ƙirji. Babbansu wani sarsan ne, wato saje, mai ido ɗaya. Muka gaishe su muka shiga. Ƙofa a buɗe take, duk abin da aka faɗa ciki suna ji. Sakataren dattijo ne mai tabarau da haƙuri. Na faɗa masa sunan Baba da na kakana da garinmu.

Ya ce, "Uwargida, masu wannan suna daga ƙasar Adar sun cika littafi. Lamba muke so. Kowane soja yana da lambarsa. Bai bar karne ba?"

"Mi ne ne karne?"

Ya leƙa waje ya ce, "Sarsan, ara min naka ta gani."

Tsohon ya shigo da sanda, ya zaro ɗan littafi daga aljihu. Ina ganinsa farin ciki ya kama ni. Na ce, "Allahu akbar! Baba, ashe kai ma kana da layar? Kai da babana malaminku guda ne?"

Ya dube ni da idonsa ɗaya. Na juya baya, na kwance tawa daga ƙugu, na ajiye kan tebur ina ji da kaina.

Sakatare ya buɗe. Ya juya shafi. Ya juya wani. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Ruwa ya taɓa wannan?"

Maigida, bawan Allah, ya yi saurin rufa min asiri ba tare da ya san asirin ba. Ya ce, "Ɗakinmu yana yoyo da damina, ranka ya daɗe."

Da na yi shiru da an tashi a haka. Amma ina! Na ce, "Wane irin yoyo? Ni na wanke da hannuna. Mata goma sha ɗaya suka sauka lafiya da rubutun nan, ban da masu zazzaɓi."

Sarsan ya matso, ya dogara da sandarsa.

"Tsaya, ɗiyata. Kin wanke?"

"Na wanke, Baba."

"Aka sha?"

"Aka sha."

Sai ya juya wajen ƙofa ya kwarara ma wani tsohon kofur kira: "Kafaran! Ku taso ku gani! Ga wadda ta shayar da gari guda karnen ubanta!"

Wayyo. Tsofaffin nan suka cika ƙofa. Wani yana dariya har tari ya sarƙe shi, wani ya zauna ƙasa yana dukan cinya. Ni ko har lokacin ban gane ba, ina ta duban fuskokinsu ina ɗan murmushi kamar amaryar da ba ta jin yaren dangin miji.

Sakatare ne ya fahimtar da ni. Ya sa yatsa kan baƙin rubutun ya ce, "Uwargida, wannan ba laya ba ce, takardar aikin mahaifinki ce. Baƙin nan na inji ne, tambaya yake yi: suna, lamba, rundunar da yake, inda aka kai shi. Shuɗin da aka rubuta da alƙalami shi ne amsa. Kin bar mana tambayoyin, amsoshin kun shanye."

Maigida ya juyo a hankali. Ya ce, "Ɗiyar soja. Shekarar da na yi zazzaɓin nan mai tsanani, ruwan da kika ce na malam ne?"

Na sunkuyar da kai. "Shafi na uku."

Sakatare ya buɗe shafi na uku, ya karanta abin da ke sama, kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ce, "Nan ake rubuta kayan da aka ba soja. Riga, wando, takalmi, bargo."

Sarsan ya ce, "Maigida, ka sha wandon surukinka!"

"Da takalmi," in ji wani daga ƙofa.

Maigida ya shafa cikinsa ya ce, "To, ai kuwa na warke."

Suna cikin dariyar abin ya iso zuciyata. Shekara talatin da wani abu ina tambaya. Amsar tana ɗaure a ƙuguna, na narkar da ita cikin ƙwarya shafi bayan shafi, har ina karɓar godiya. Baba bai faɗa da baki ba, takarda ta riƙe masa, ni ɗiyarsa na rufe ma takardar baki. Na durƙusa nan ƙasa na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar jana'izarsa.

Dariya ta ɗauke. Sarsan ya ce, "Haba ɗiyata, tashi. Mu da muka riƙe namu, ba mu san abin da ke ciki ba sai an karanta mana."

Sakatare kuwa yana ta juya shafuna har ya kai na ƙarshe. Ya ce, "Wannan fa, yaya aka yi ya tsira?"

Na ce cikin kuka, "Mai hatimi ne. Na ajiye ma kaina."

"Hatimin likitan soja ne. Kuma ga lambar nan an sake rubuta ta a ƙasansa." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Allah ya yi ma rowarki albarka."

Ya rubuta wasiƙa ranar. Damina ta zo ta wuce, aka yanke gero, sannan aka aiko mu koma. Ya karanta mana amsar da ta zo, yana juyawa da Hausa. An sa Baba cikin jirgin ruwa a Dakar zuwa Faransi. Jamus suka kama shi da 'yan rundunarsa, suka tsare su cikin wani sansani. Can sanyi ya kashe masa yatsu, likita ya yanke.

Na ce, "Sanyi? Ba takobi ba?"

Sarsan ya ce, "Ɗiyata, akwai sanyin da ke mayar da ruwa dutse. In ya kama yatsa sai ya yi baƙi kamar gawayi, kana kallo, ba ka jin shi." Ya ƙara da cewa, "Takobi ya fi sauƙin faɗa."

Sai a ranar na gane abin da ya sa Baba yake barin inuwa ya zauna cikin ranar bazara, muna ce masa zai ƙone. Na yi ta tambayar tsohon nan har azahar: ruwan in ya zama dutse ana tauna shi? Jirgin ruwa yana da ƙasa a ciki? Sai da maigida ya ja ni.

Da na koma gida dole na tara mata na faɗa musu gaskiya. Rabi ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ni dai na haihu." Wasiƙar kuwa maigida ya naɗe ta cikin leda ya kulle a akwatinsa. Ya ce ba don ruwan sama ba, don ni. Bai taɓa gaya ma maza 'yan'uwansa ba, amma duk ranar da na miƙa masa ruwa sai ya leƙa ƙwaryar ya ce, "Yau riga ce ko bargo?" Shekara da shekaru yana yi ina harararsa. Yanzu ina miƙa ma mutane ruwa, kowa ya karɓa ya sha ya ce na gode.

Abin da na koya ba shi da yawa: rubutu iri-iri ne, kuma ba duka ne na ciki ba. Ranar addu'ar bakwai ta maigida, limaminmu ya ga kuka ya ƙi barina, ya kawo allo ya ce a wanke min in sha, in samu dangana. Na karɓa da hannu biyu, hawaye na zuba. Na duba, na miƙa masa na ce, "Malam, ka yi haƙuri. Karanta min tukuna."