Rasuwar Batir Ɗina a Hanyar Gitata

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Ɗan'azumi Sale na Jigwada nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar batir ɗin motata. Ya cika ranar Asabar da hantsi a bakin hanyar Gitata, yana da shekara uku a duniya.

Marigayin mai haƙuri ne, kuma ba ya makara. Shekara biyu da rabi ya yi a ƙaramar motata, kullum da sassafe ya tashe ta da murɗa ɗaya, mu kama hanyar Abuja wurin aiki. Cunkoson Mararraba bai taɓa sa shi ƙorafi ba. Muryarsa a wancan zamani "vum" ce, gajeriya, mai kwantar da hankali.

Ciwon ajalinsa ni na jawo masa, kuma ba zan ɓoye ba. Da na sayar da ƙaramar motar na sayi jif, don ni ma a san ina aiki a Abuja, sai na tarar batir ɗin jif ɗin ya gaji. Maimakon in nemo daidai da ita, na ciro tsohon abokina daga ƙaramar motar kafin mai saye ya ɗauke ta, na dasa wa jif ɗin. Mazaunin ya yi masa yawa kamar yaro a takalmin babansa, sai na tokare shi da guntun katako, na ɗaure da robar taya. Wilson mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya leƙa ya girgiza kai ya ce, "Oga, wannan ƙarfinsa arba'in da biyar ne fa. Motan nan saba'in da biyar yake ci. Zai mutu a hannunka." Na ce masa batir ai batir ne. Na faɗi haka da bakina, har da dariya.

Wata shida yana jan injin da ya fi ƙarfinsa, ga esi mai sanyaya mota, ga fitilu, ga rediyon da ba na kashewa. Muryarsa ta koma "ƙyar, ƙyar, ƙyar" kafin mota ta tashi. Na ji, na ce sanyin safiya ne.

Ranar da abin ya faru, ni na nace zan kai surukina, Baba Lawal, ɗaurin auren 'yar ƙaninsa a Gitata, inda shi ne waliyyi. Yana da motar da za ta kai shi, na ce sam, ai tawa ta fi sanyi. Muka tsaya sayen goro a hanya, na kashe mota. Da na murɗa makulli, marigayin ya ce "tak", ya sake cewa "tak". Kalamansa na ƙarshe ke nan.

Baba, dattijo mai shekara saba'in, ya naɗe babbar rigarsa ya ce, "Ɗana, zauna ka riƙe sitiyari." Shi da aminansa biyu da muka taho tare suka dafa bayan jif suna turawa cikin rana, ni ina zaune a kan kujera mai laushi. Akwai maganar da ya kamata in faɗa masa a lokacin, amma ban taɓa yi wa surukina musu ba, ko ido ba ma haɗawa. Sau huɗu suka tura. A ƙarshe ɗan acaɓa ne ya kai Baba, ya tarar an shafa fatiha, wani ya tsaya a madadinsa.

Marigayin ya bar jif ɗaya, guntun katako, robar taya, da matata Huraira wadda kwana uku ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Za a kai gawar shagon Wilson gobe da ƙarfe goma, inda masu sayen tsohon batir za su ɗauke ta. Magajinsa mai saba'in da biyar ne, kuma Wilson zai zaɓa, an hana ni sa baki. Ba za a yi zaman makoki ba, domin ba ni da idon kallon jama'a.

Roƙona ɗaya. Duk wanda ya fi ni ƙarfin hali, ya je ya gaya wa Baba Lawal abin da na kasa faɗa: motar otomatik ce, ba ta tashi da turi. Na san haka tun kafin ya naɗe rigarsa.