Rasuwar Oskar, Injin Famfon Gonarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka ƙandare don sanyi, ni Arvid Tollefsrud nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Oskar, injin lantarkin da ya shekara arba'in da ɗaya yana juya famfon garkenmu a nan arewacin jihar Minnesota ta Amurka. Ya cika ranar Talata da hantsi, shanu sittin na jiran ruwa.

Marigayin mai haƙuri ne, bai taɓa neman hutun Lahadi ba. In an kunna shi sai ya yi tari sau biyu, "kah, kah", sannan ya kama "gurrr" ɗinsa har a kashe. Masu tsegumi sun ce yana da ci, kuma gaskiya ne. Duane mai gyaran wuta ya taɓa auna shi, ya ce in ya ci wuta kashi goma, shida ke zama aiki, huɗu su tafi a zafi. "Arvid," in ji shi, "wannan ai murhu ne, jan ruwan alfarma yake yi maka." Wata biyu ban ba Duane kofi ba.

Amma zafin nan bai taɓa yi wa kowa rowarsa ba. Kyanwoyi uku sun haihu a gefensa. Ni kuma a gadon bayansa nake shanya jiƙaƙƙiyar safar hannu, kamar yadda mahaifina yake yi.

Jinyarsa gajeriya ce. A makon da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, wani da iyali suka roƙi a sakaya sunansa ya jibga masa safar hannu, safar ƙafa da hular ulu, daidai kan ramukan da yake shan iska. Marigayin bai yi ƙorafi ba. Ya ja "mmmm" mai tsawo, ya saki hayaƙi, shi ke nan. Hular tawa ce, amma wannan ba hujja ba ce.

Ya rasu ya bar famfo, kyanwoyin, da ni. Ya kuma bar matata Marlys, wadda ta shekara goma tana cewa, "Tsohon nan zai cinye mu da rai." Juriyarta ta ba ni mamaki, don kafin gawar ta huce ta kira Duane ya ɗaura sabo.

Sabon ba shi da laifi. Kashi tara cikin goma na abin da ya ci aiki ne, ba ya tari, jikinsa sanyi ƙalau. Kwana biyu da zuwansa bututun ɗakin famfo ya daskare ya fashe. Sai ranar muka gane wanda ke hana shi daskarewa duk shekarun nan. Tun daga lokacin ni da Marlys muke jidar ruwa a bokiti daga gida zuwa garke, nonon shanun ma ya fara ja baya. Ina kewarsa ƙwarai. Ita ma na gan ta tana share ido, ta ce iska ce.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma a filin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bayan gari, daga nan a dawo gida cin gasasshen dankali da kofi. Iyali na roƙon kada a kawo furanni. Mai zuwa ya zo da bokiti biyu. Wanda kuma yake da hitar ɗumama ɗaki da ba ya amfani da ita ya taimaka mana, Marlys ta ce ko mai cin wuta ce tana so.