Nomau da Sadakar da Ta Ƙi Tafiya

A ƙauyen Dutsen Gwanki akwai wani gida mai zaure ɗaya da rumbu biyu. Mutum uku ke cikinsa: Inna Tabawa, da ɗanta Nomau, da matarsa Lantana, wadda ya kamata a ce ana biyanta albashin haƙuri duk wata. Nomau ƙato ne, ya ba talatin baya, yana saɓa buhun gero kamar matashin kai. Ba ya ƙarya, ba ya sata, ba ya musu. Aibinsa ɗaya ne tak: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Lantana ta taɓa ce masa ya zauna kusa da tuwo kafin ta ɗebo ruwa. Ta dawo ta tarar da shi zaune daf da tukunya, hayaƙi ya turnuƙe shi, tuwon ya zama gawayi.

Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta hana Inna gani. Sai ga saƙo daga Kano, daga yayar Nomau, Hansatu, wadda ke auren Alhaji Badamasi mai shagon atamfa. Wai wasu likitocin ido sun zo suna aiki kyauta, an rubuta sunan Inna, ranar Alhamis ta sama za a yi mata. In ta wuce, sai baɗi, likita kuwa ya ce idon ba zai jira baɗi ba. Inna ta sayar da akuyarta, ta ƙulle kuɗin a farin ƙyalle, Nomau ya rako ta birni. Suna sauka ta kafa sharaɗi.

"Wuƙa ba za ta taɓa idona ba sai sadakata, kuɗin akuyar nan, ta riga ni isa wurin Allah. Dunƙule guda za a ba da ita, ga mai buƙatar gaske. Kuma Nomau ne zai bayar, don shi kaɗai na san ba zai tsakura ba."

Alhaji Badamasi ya yi tari, ya dubi rufin ɗaki. Duk wanda ya san Inna ya san in ta faɗi magana ta zauna.

Wata rana, washegarin saukarsu, Nomau ya sami Hansatu a tsakar gida tana fama da wanki. Ya ce, "Yaya, ta yaya ake gane mabuƙaci a birni?" Ta ce, "Kai ma dai da tambaya! Wanda ya fara miƙo maka hannu, ba shi." Nomau ya fita. Ya wuce wata makauniya, don kwano ta miƙo, ba hannu ba. Ya wuce wani gurgu, don hannuwansa biyu suna ƙasa yana tura kekensa da su. Da aka idar da azahar, a ƙofar masallaci, sai ga wani Alhaji mai tumbi ya fito yana ƙamshin turare. Shi ne mai benen da shagon Badamasi yake ciki, kuma yana neman kujerar siyasa, saboda haka ko jaki ya gani sai ya ba shi hannu. Ya miƙo wa Nomau hannu yana murmushi. Nomau ya danƙa masa ƙullin, ya dunƙule masa yatsu a kai, ya ce da ƙarfi, "Allah ya yaye maka, bawan Allah. Ka samu ka sayi abinci." Masu fitowa daga masallaci suka riƙe ciki. Kafin magariba direban Alhajin ya dawo da ƙullin tare da wani saƙo da ba zai maimaitu ba. Badamasi ya kwana biyu yana zarya yana ba da haƙuri.

Wata rana kuma Badamasi ya zaunar da shi a zaure. Ya ce, "Kai, ɗan ƙauye, buɗe kunnenka. Mabaratan garin nan rabinsu sun fi ni kuɗi. Kada ka ba kowa sai ka bi shi har gida ka ga yadda yake zaune." Nomau ya ce to. Ya je ƙarƙashin gada, ya zaɓi wani dattijon makaho mai rigar faci, ya zauna a bayansa tun hantsi. Da la'asar makahon ya naɗe tabarmarsa, ya tsai da adaidaita sahu, Nomau ya faɗa ciki shi ma.

Makahon ya shinshina iska, ya ce, "Wane ne wannan yake bina tun safe yana warin daddawa?"

"Ni ne, Baba. An ce in bi ka in ga gidanka."

"Ɓarawo ne kai?"

"A'a, sadaka zan ba ka, in na ga ka cancanta."

Makahon ya yi dariya har hularsa ta karkace. Suka sauka a wani gida mai ƙyauren ƙarfe, fanka na juyawa a zaure. Ashe ma adaidaitar da ta kawo su tasa ce. Aka kawo shinkafa da kaza, Nomau ya ci ya suɗe hannu, ya zayyana labarin Inna. Makahon ya ce, "Ɗana, makantar ta gaske ce, talaucin ne kayan aiki. Shekara talatin ina zuwa ƙarƙashin gadar nan ban taɓa makara ba. Wane ma'aikaci ne zai faɗi haka?" Sai kuma muryarsa ta sauka. "Mai da wa tsohuwarka kuɗinta. Ka ce ta daina wasa da ido. Da za a sayar mini da ganin yini ɗaya, da gidan nan zan biya." Ya shafa rigar Nomau, ya ji ta koɗe ta sha jiki, ya yi tsaki, ya sa aka ba shi riga mai kyau da kuɗin mota. Haka Nomau ya fita ba da sadaka ya dawo da sadaka.

Wata rana, ana saura kwana biyu, Badamasi yana ta hura hanci don maganarsa ta fito, ya sake kiran Nomau. "Ka gani da idonka ko? To ga dabara. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi. Wanda ya ce yunwa, ciyar da shi. Wanda ya ce ya rasa kuɗin mota, saka shi a mota da hannunka, ka tsaya sai ta tashi." Nomau bai yi nisa ba wani mutum mai tabarau da wankakken kaftani ya tare shi, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunya. Wai an yanke masa aljihu, Gusau zai koma, ya bar matarsa tana naƙuda. Tausayi ya kama Nomau har ƙwalla ta taru masa. Ya kama hannun mutumin ya nufi tasha.

"Malam, ba sai ka wahala ba. Ba ni kuɗin kawai."

"Alhaji ya ce da hannuna."

Mutumin ya soma turjewa, Nomau ya saɓe shi a kafaɗa. Da 'yan kamasho suka hango su, sai tasha ta ɗauki sowa. Wani ya ce, "Kai jama'a, mai naƙuda ne! Shekara bakwai matar nan tana kan gwiwa!" Direban motar Gusau ya rantse kyauta zai kai shi, don ladan ya fi ƙarfin ya bar wa wani. Aka cusa shi a kujerar baya tsakanin wata Hajiya mai faɗi da buhun albasa, Nomau ya tokare ƙofa da ƙirji. Motar na tashi mutumin ya leƙo da kai yana ihu, "Ni ɗan Fagge ne! Wallahi ban san kowa a Gusau ba!" Nomau ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Allah ya sauke ta lafiya!" Ya koma gida da ƙullin ko kwancewa ba a yi ba.

Wannan karon babu wanda ya yi dariya a gidan. Hansatu ta durƙusa gaban Inna tana kuka, ta ce a bar ta ta jefa kuɗin a akwatin masallaci a huta. Inna ta ce ita ba da akwati ta yi alkawari ba. Nomau ya koma bakin rariya ya zauna, tuwo ya ƙi shiga. Tun yana yaro ake ce masa wawa, bai taɓa jin zafin kalmar ba sai ranar. Ya san in Inna ta makance, a hannunsa ta makance, ga shi kuwa duk abin da aka ce ya yi, ya yi.

Wata rana, ranar Alhamis ɗin kanta, suka yi sammako zuwa asibiti. Tsofaffi sun cika benci-benci, kowa da ɗan rakiyarsa. Aka kira sunan Inna, ta ƙi tashi. Ma'aikaciyar jinya ta ce za ta sake kira sau ɗaya, in ba ta tashi ba a ba wani. Badamasi ya rage murya, ya ce, "Inna, ga mabarata can bakin ƙofa sun fi ashirin. A ba ɗaya mana." Inna ta girgiza kai, ta ce, kamar mai magana da kanta, "Mai buƙatar gaske ai ba ya roƙo. Ko ka ba shi, cewa zai yi ba ya so."

Ita ƙorafi take yi. Nomau kuwa umarni ya ji. Ya zabura ya bi layi yana nuna ƙullin. "Kana so?" "Ina so!" "To ba kai ba ne." Ya tambayi mai gadi, yana so. Ya tambayi mai sayar da rake, yana so. Wani mai babbar riga yana waya, bai ma tsaya jin mene ne ba ya miƙo hannu. Nomau ya soma gumi, don bai taɓa sanin garin da kowa ke so haka ba.

Can sai ya ga wani tsoho siriri ya baro tagar da ake biyan kuɗi, yana lalube da sanda ya nufi ƙofar fita, shi kaɗai. Rigarsa ta tsufa amma ta sha guga. Nomau ya sha gabansa.

"Baba, ga sadaka. Kana so?"

Tsohon ya ja tsaki, ya miƙe wuya. "Na yi maka kama da mabaraci? Shekara arba'in ina kan keken ɗinki, ban taɓa cin abin wani ba. Ba na so. Ba ni hanya."

Nomau ya daka tsalle. "Alhamdulillahi! Inna, na same shi! Ya ce ba ya so!"

Tsohon ya ɗaga sanda, Nomau ya sungume shi da shi da sandar, ya ratsa layi da shi yana ta wutsil-wutsil yana kiran a kawo ɗauki, ya dire shi gaban Inna. Mai gadi ya biyo su da kulki. Badamasi ya rufe fuska da hula. Ma'aikaciyar jinyar ce ta tsai da mai gadin, ta dubi tsohon.

"Malam Ɗan'azumi, yau ma ka yi mantuwa a gida?" Ta juya ga Hansatu ta ce a hankali, "Aikin kyauta ne, amma gwaji da magani saye ake yi. Zuwansa uku ke nan. Da ya kai taga aka faɗa masa kuɗin, sai ya ce ya yi mantuwa, zai je ya dawo."

Tsohon ya sunkuyar da kai, kunya ta lulluɓe shi. Ya ce, "Ku bar ni in tafi. Ban roƙi kowa ba."

Inna ta laluba ta kama bakin rigarsa. Ta ce, "Malam, ni ce nake roƙonka. Na yi wa Allah alkawari ba zan shiga ba sai wannan abu ya bar hannuna. Kwana tara yana fita yana dawowa. In ka ƙi karɓa zan makance, alhakina kuwa yana wuyanka."

Malam Ɗan'azumi ya gyara riƙon sandarsa. Sannan ya ce, "To, don ke, Hajiya. Ba don ni ba." Nomau ya sa masa ƙullin a tafin hannu. Da aka sake kiran suna, Inna ta miƙe da kanta tun kafin a kama ta, tsohon kuma ya koma taga.

Washegari aka kwance musu bandeji. Malam Ɗan'azumi ya ƙare wa Nomau kallo daga sama har ƙasa, ya ce rigar nan ba ɗinkin kirki ba ce, ya zo shago a auna shi. Inna kuwa ta ƙifta ido, ta ƙifta, haske ya shigo mata a hankali. Ta ga Hansatu ta yi furfura a goshi. Ta ga surukinta ya yi ƙiba. Sannan ta ga wani ƙato a raɓe jikin ƙofa, yana tsoron matsowa kada ya sake yin wani laifin.

Ta ce, "Nomau, zo nan. Tsaya a gabana, kada ka motsa sai na gama kallonka."

Ya zo ya tsaya. Ƙuda ya sauka a hancinsa bai kore shi ba, hawaye ya gangaro masa bai share ba. Shekara huɗu rabonta da fuskar nan, saboda haka ba ta yi gaggawa ba. Badamasi ya buɗe baki zai ce masa ya isa haka, Inna ta ɗaga hannu.

"Ƙyale mini ɗana. Ban gama ba."