Ƙarfen da na ceto daga teku

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ceto ƙarfe daga teku. Ƙarfe fa, ba mutum ba.

Lokacin ina shara a wani kamfani mai auna bakin teku, can gaba da unguwar Khumra a Jidda, ƙasar Saudiyya. Na haura hamsin, iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana hannun kafili, ubangidan da ya tsaya mini, shi kuwa dama dalilin kora yake nema. Aikina tsintar leda da gwangwani. Ba wanda ya taɓa gaya mini me ake aunawa (wa zai ɓata yawunsa kan mai shara?).

Akwai wasu ƙarafa kafe a rairayi, kowanne da lamba. Wata safiya na ga guda ruwa ya kai masa wuya. Na ce kai, dukiyar mutane! Na naɗe wando, na yi ta jijjiga shi har ya fito, na kai shi tudu na kafa. Har goge shi na yi.

Da hantsi sai ga injiniya, wani Bahaushe haihuwar Jidda, Hausarsa rabi Larabci, "ya ammi" yake ce mini, wato baffa. Ya auna daga ƙarfen zuwa ruwa, ya sake aunawa.

"Ya ammi, wallah ban gane ba. Shekara da shekaru teku yana cin wurin nan, yau ya dawo da ƙasa?"

Da na yi shiru, da shi ke nan. Sai na buga ƙirji: "Ni na gyara shi, ranka ya daɗe."

Ya zauna daɓas a rairayi. Wai ƙarfen ba a motsa shi, da shi ake gane yadda teku ke matsowa, a san inda za a tare ruwa kafin ya shiga gidajen mutane.

"To ai ya kusa nutsewa!"

"Aiwa! Abin da muke kallo ke nan!"

Ya ce yalla, maza in nuna ramin da na ciro ƙarfen. Na shiga ruwa har ƙirji, leburori suna ta dariya, ina lalube da ƙafa. Sau uku ina cewa "nan ne", wuri uku daban.

Ya daɗe yana kallona ina ɗiga. "Halas, ya isa, ya ammi, fito. Ba zan gaya wa kafili ba. Amma don Allah kada ka ƙara taimakonmu."

Har yau ban gane aikin da ake zuba wa ɓarna ido ana rubutawa ba. Amma yanzu ko motar kamfani na ga tana gangarawa teku, sai na fara tambaya ko da gangan ne.